Kwana Arba'in da Ɗaya

Karo na uku ke nan Yesenia tana buga umarnin a baƙin allon kwamfuta, karo na uku kuma bidiyon yana tsayawa a hoto na 1,412.

Shekara bakwai mahaifinta, Don Eusebio, tsohon malamin firamare a garin Huaraz, yana hawa saman ɗaki kowace safiya ya ɗauki dutsen garin mai ƙanƙara hoto ɗaya, daga wuri ɗaya. Mutum ne mai kafiya, ko ruwan sama bai isa ya hana shi ba. Yau da la'asar kwamitin ruwa na unguwa zai zauna, shi kuma yana so a jera hotunan su gudu kamar fim, kowa ya ga yadda ƙanƙarar da suke shan ruwanta take janyewa.

"Injin naki ya gaji ne?" in ji shi, yana hura shayin ganyen koka. "Dama na ce linzamin kwamfutar nan ba don ado aka yi shi ba."

"Baba, manhajar lamba take bi ɗaya bayan ɗaya. In ta tarar da giɓi, sai ta ɗauka aiki ya ƙare." Ta duba jerin. "Daga 1,412 ka yi tsalle zuwa 1,454. Ina sauran?"

"Babu su. Da hannuna nake sa lambar, kowace rana da tata."

Ta dubi kwanan watan. Kwanakin da mahaifiyarta, Hermelinda, ta yi a asibitin Lima ne, har zuwa jana'iza. Ita tana makaranta tana jarrabawa, sati ɗaya kawai ta samu zuwa, abin da har yau yake cin ta.

"Layi ɗaya zan rubuta in sake musu lamba," ta ce a hankali. "Giɓin zai rufe, ba wanda zai lura."

"Shi ya sa ba na so."

Ba ta yi musu ba. Ta ƙirƙiri baƙin hoto, ta kwafe shi sau arba'in da ɗaya, ta ba kowanne lambarsa. Wannan karon aikin ya tafi har ƙarshe.

Suka zauna kallo. Gajimare na tsere, farin dutsen na tsukewa kamar rigar da ta sha wanki. Don Eusebio ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ina wurin Hermelinda?"

"Ya wuce, Baba. Hoto ashirin da huɗu ne a daƙiƙa. Bai kai daƙiƙa biyu ba."

Ya matso kusa da allon.

"Za ki iya rage masa gudu a nan kaɗai? Kowace rana daƙiƙa guda."

"Mutane za su zaci na'urar ce ta lalace."

"Su zauna a duhun," in ji shi. "Ni ma na zauna."

Yesenia ta jawo kwamfutar, ta je wurin baƙaƙen hotunan, ta goge ashirin da huɗu, ta rubuta ɗaya.