Rigar Ulun Ambrose

Rigar tana rataye a bayan ƙofar ɗakin kwana, gwiwoyinta a lanƙwashe, hannuwanta a ɗan buɗe, sai ka rantse Ambrose Keeping yanzun nan ya fita daga cikinta ya tafi neman shayi. Doguwar rigar ulu ce mai haɗe da wando, mai kauri, irin wadda masu nutso ke sawa a ƙarƙashin rigar roba. Tun da aka binne shi, matarsa Verna ba ta sauke ta daga kan ƙusar ba. Kullum da safe, kafin ta ɗora butar shayi, takan tura ƙofa ta cusa fuskarta a wuyan rigar. Yana nan a ciki: gishirin teku, man jirgi, gumi, da alewar na'ana'ar da ba ya rabo da ita. Ba wanda ya san tana haka, kuma ba ta da niyyar kowa ya sani.

Kai, Ambrose ma dai! Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a ƙarƙashin tekun tsibirin Newfoundland yana tsintar bushiyar teku, 'yar halittar nan mai ƙaya da ake sayarwa don ci, ruwan da ko kare ba ya yarda ya tsoma ƙafa a ciki da hunturu, bai taɓa ko sarƙewa ba. Sai ga shi ya faɗi a bayan gida yana faskare, gatari a hannu. Mu da muka ɗauko shi har yau abin yana ba mu haushi.

'Yarsu Colleen ta dawo daga can lardin Alberta don jana'iza, ba ta koma ba. Uban ne ya koya mata nutso, amma na bazara, lokacin da ruwa ke da ɗan mutunci. Yanzu ta kafe a kan jirgin babanta ba zai ruɓe a kan tudu ba. Ita za ta shiga ruwa, uwar ta tsaya a sama ta riƙe igiya ta janyo buhuna, yadda ta saba yi wa mijinta. Verna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi gaba da ita. A ƙarshe ta ɗauko safar hannunta, don ta san jinin wa ke yawo a jikin yarinyar.

Ranar Alhamis suka fita gwaji a bakin tsibiri. Colleen ta sa siririyar rigar cikinta ta bazara, ta jibga rigunan sanyi a kai, sannan ta shiga rigar roba, uwar ta ja mata zif ɗin baya. Ba a jima ba ta taso. Leɓɓanta sun koma shuɗi, haƙora na karo da juna, kofin shayin da aka miƙa mata rabinsa a ƙasan jirgi ya ƙare.

"Lafiya lau nake, Mama."

"Lafiya lau ɗin ƙaniyarki! Ko igiya ba ki iya kamawa da yatsun nan. In abu ya sarƙe ki a ƙasa, da me za ki kwance shi? Da haƙori?"

Rigar roba ruwa kawai take tarewa, ɗumi ba aikinta ba ne. Ɗumin yana ga abin da ka sa a ciki. Don haka washegari suka nufi kantin Kawu Hedley, wanda shi kaɗai ne kanti a garin, Hedley kuma ya san haka.

"Ga wannan, sabuwa dal," in ji tsohon, yana baza wata farar riga a kan tebur.

Verna ta murza ta tsakanin yatsu, ta ture. "Auduga ce, Hedley. Kashe mini 'ya za ka yi? Ta yi gumi, rigar ta jiƙe, ta manne mata a baya kamar rigar laka."

"Yo ni na aike ta cikin ruwa? Mutanen kirki a gado suke sa irin wannan."

Ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur, ƙatuwa, cike da soso, ta masu hawan babur ɗin ƙanƙara. Colleen ta kara ta a jikinta, ta ɓace a bayanta gaba ɗaya.

"Wannan iskar da za ta riƙe," in ji Verna, "sai mun ɗaura mata dalmar garin nan duka kafin ta nutse."

"To, ranki ya daɗe, sai in aika birnin St. John's. Ta iso bayan Kirsimeti, in jirgin fito ya ga dama."

"Bayan Kirsimeti bushiya ta gama kyau," in ji Colleen. "Ni Litinin zan fara, Kawu."

Hedley ya dube ta ta saman tabarau, ya girgiza kai. "Ubanki sak. Allah ya jiƙansa, shi ma kunnuwan don ado aka maƙala masa."

A hanyar gida, suna hawa gangaren da ƙanƙara ta daskare a kai, Colleen ta yi magana ba tare da ta dubi uwar ba.

"Mama, ki ba ni rigar Baba."

Verna ta ci gaba da tafiya.

"Ta yi miki yawa. Mutum biyu irinki sai su shiga."

"Zan naɗe hannu da ƙafa. Ki ba ni ita haka nan yadda take, ba sai kin wahalar da kanki ba."

"Ji wani shirme! Iska ta taru a naɗin, ta gudu ƙafafunki, ta juya ki kai ƙasa, ta cillo ki sama ba shiri. Abin da ubanki ya koya miki ke nan? Kuma kin duba ƙirjin rigar? Gumi da gishiri sun daddanne shi ya zama kamar allo. Shi yana da kitsen da ya rufa masa asiri. Ke fa? Ƙashi da taurin kai."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Amma ita ta san ba shi ne ya sa muryarta rawa ba.

Da suka kai ƙofar gida Colleen ta tsaya. Tana kakkaɓe takalmi ta ce, "Shi ke nan. Da tawa zan shiga."

Ba barazana take yi ba, kuma Verna ta sani.

Ranar Asabar Colleen ta tafi bakin ruwa cika tulunan iska da duba injin jirgi. Verna ta shiga ɗaki, ta sauke rigar, ta shimfiɗa ta a kan gado, ta ɗora siririyar rigar Colleen a kai don awo. Hannun ya yi saura da yawa, ƙafa ma haka. Sai wani tunani ya zo mata, har ta ɗauko almakashi da sauri: ta yanke rarar yanzu, ta ɓoye ta a cikin akwati yadda take, sannan ta wanke sauran.

Ta buɗe almakashin, ta kara a bakin hannun rigar. Ta tsaya.

Tun tana yarinya take ɗinki, ta san ba a yanka ulu sai an wanke shi. Yana shan ruwa zai tsuke, kuma ba mai iya cewa nawa zai tsuke, ko ta ina. Ka yanka kafin wanki, ka tashi da hannun da bai kai wuyan hannu ba, a daidai wurin da sanyi ke fara cin mutum. Riga ɗaya ce, ba ta da ta biyu da za a gyara kuskure da ita.

Ta ajiye almakashin. Ta ɗauki rigar da hannu biyu, ta binne fuskarta a wuyanta, ta shaƙa har ƙirjinta ya yi ciwo. Ta daɗe a haka.

"Ka yi haƙuri, tsoho," ta ce. "'Yarka ce. Kai ka ja mana."

Ta cika bahon wanka da ruwa mai ɗumi, ta narka sabulu, ta danna rigar ciki. Nan da nan ruwan ya koma toka-toka. Ta zubar, ta sake tara wani. Ba ta murɗe ba, ba ta cuɗa ba, dannawa kawai take yi da tafin hannu, tana kuka wiwi kamar ranar da aka shigo da shi. A wurinta yau ma mutuwa aka yi, sai dai wannan karon ba mai zuwa gaisuwa. Ta yi ta ɗauraya har ruwa ya fita garau, sannan ta naɗe ta a tawul, ta shimfiɗa ta a ɗakinta nesa da wuta, ta kulle ƙofa.

Ranar Lahadi ba ta je coci ba. Ulun ya bushe, ya tashi, ya yi laushi. Ta sake awo, ta yanka, ta zauna a kan keke. Daga kicin Colleen ta ji ƙarar keken ɗinkin, ta gane abin da ake yi, ta yi murmushinta na farko tun jana'iza. Ta soya ƙullin burodi a man alade, ta kwarara masa baƙar zumar rake yadda uwar ke so, ta ajiye a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa.

Litinin ta waye ba iska, teku kwance. Sai da suka jefa anga a bayan tsibiri Verna ta ciro ƙunshin daga jakarta ta miƙa.

"Ungo. Kuma kada in ji ƙorafi."

Colleen ta warware. Ta ga ɗinkin, ta ga yadda aka rage kafaɗa aka ninka ƙirji biyu. Idanunta suka kawo ruwa. "Mama!" Ta rungume rigar, ta kai wuyanta hanci.

Sai ta ɗago. Ta juya rigar, ta shinshina hammata. Ta shinshina baya, ta buɗe ciki, ta koma wuya, tana yi da sauri-sauri kamar mai neman abin da ya faɗi a duhu.

"Kin wanke."

"To da fa? Ba a yanka ulu sai..."

"Kin wanke ta, Mama." Muryar ta yi ƙasa. "Duk ranar da kika tafi coci nakan shiga ɗakinki in tsaya a bayan ƙofa. Nan kaɗai ya rage. Ni ba don sanyi na roƙe ki ba. So nake in sauka da shi."

Verna ta kama bakin jirgi ta zauna a kan akwatin kaya. Colleen ta dubi fuskar uwar, ta daɗe tana dubawa, har ta ga abin da ke wurin.

"Ke ma?"

Verna ta gyaɗa kai.

Colleen ta tuɓe rigar sanyinta ta shiga ta uban. Ta zauna mata daidai, hannu ya kai wuyan hannu, ƙafa ta kai idon sawu. Ta sa rigar roba, ta juya baya, uwar ta ja zif ɗin daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta sake dubawa. Ta ɗaura dalma, ta goya tulu, ta zauna a bakin jirgi, ta faɗa ruwa.

Verna ta riƙe igiya tana bin kumfar iskar da ido. Buhu na farko ya zo, ta janyo. Na biyu ya zo. Rana ta ɗaga, kumfar tana nan tana yawo a hankali a gefen dutse, ba gaggawa. Ko Ambrose ba kullum yake jimawa haka ba.

Da tulun ya kusa ƙarewa Colleen ta taso, ta kama tsani, ta cire abin shaƙar daga baki. Leɓɓanta jajur. Yatsunta suka kwance tulun ba gardama, ta karɓi sabo.

"Yaya?" in ji Verna.

Colleen ba ta dube ta ba. Ta gyara gilashin fuskarta, wanda hawaye suka jiƙa ta ciki.

"Akwai ɗumi, Mama," ta ce, ta koma ƙasa.