Kwali Bakwai na Tarkace

"Gwangwanin maɓallaina, Saje. A wane kwali ka sa shi?"

Saje ya ɗago kai daga igiyar da yake ɗaurewa, ya dubi matarsa, ya dubi agogon hannunsa. Ƙarfe goma saura kwata. Motar bariki za ta iso sha biyu daidai ta kwashe su zuwa garin da aka mayar da shi. A ƙaura shida da suka yi cikin shekara goma sha huɗu bai taɓa sa direba ya jira ko na minti ɗaya ba, kuma ko kofi bai taɓa fashe musu a hanya ba. Duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan labari.

"Maɓalli kuma? Yanzu? In mun isa kya yi ɗinkinki."

"Ba ɗinki zan yi ba. Iya ce. Nas ta ce da wuya ta kai azahar, kuma Iyar ta buɗe baki ta ce in kira 'yarta. Lambar tana cikin gwangwanin."

Iya ita ce tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasu a hawa na biyu na benen. Da tela ce, kafin ido ya ci amanarta. Tun ranar da suka tare ta raɗa wa matar Saje suna Baƙuwa, sunan ya bi ta har wurin mai kanti, shekara biyu bai sake ta ba. Baƙuwa kuwa ta daɗe da yi wa kanta doka: ba ta shiga sabgar maƙwabta, don kana fara sabawa da mutum takardar canjin wurin aiki za ta fito. Iya ba ta san da wata doka ba. Yau aron ashana, gobe a zura mata zare a allura, jibi ta shigo ta zauna ta ce labulen falon ya karkace, wanda ya ɗinka shi bai ji tsoron Allah ba. Sau nawa Baƙuwa ta yi lamo a ɗaki kamar ba ta nan, tsohuwar ta ci gaba da ƙwanƙwasawa har sai an buɗe.

Wata rana ta kawo mata 'yar takarda a ninke. Lambar 'yarta ce tilo, wadda suka ɓata shekara tara kan wata magana da Iya ta faɗa cikin fushi. 'Yar ce ta aiko da lambar ta hannun wani direba, girman kai ya hana Iya kira.

"Ajiye min. Ke ba ki da kowa a garin nan, wa za ki gaya wa? Kar ki kira sai na ce. Kuma kar ki sa ta a waya, wayoyin nan naku da kansu suke kiran mutane."

Baƙuwa ta yi alkawari, ta jefa takardar cikin gwangwanin maɓallai. Yau ga shi Iya ta ce, ga gidan kuma babu komai sai kwalaye talatin da ɗaya jere a jikin bango har kusa da rufi.

"Kwantar da hankalinki," in ji Saje, yana zaro littafi daga aljihun gaba. "Amfanin tsari ke nan."

Saje ba ya rubuta abin da ke cikin kwali a jikin kwali, wai don kar ya yi wa ɓarawon hanya jagora. Lamba kawai yake sawa, bayanin yana cikin littafi. Ya bi layi da yatsa. Tukwane, ɗaya zuwa huɗu. Littattafan yara, waɗanda suka riga suka yi gaba wurin kakarsu, biyar da shida. Takalmansa na aiki kwali guda suka samu, kowace ƙafa da layinta. Baƙuwa ta leƙa ta kafaɗarsa tana neman kayanta, ta ga kalma ɗaya ce ke maimaita kanta.

"Tarkace? Kayan nawa ne tarkace?"

"Rukuni ne, ba zagi ba."

"Kwali nawa ne rukunin?"

Ya ƙirga. Bakwai. Kuma da yake ba bisa lamba yake jera kwalaye ba, bisa nauyi yake jerawa, bakwai ɗin nan sun watsu cikin bangon, wani a sama, wani a can ƙasa ƙarƙashin tukwane. Kowanne ya sha salatif zagaye uku, an bi shi da igiya.

Shekara goma sha huɗu tana bin mutumin nan gari gari, ta bar shukoki a tukunya, ta bar ƙawaye, ta haifi ɗa a gidan da ko labule ba su gama ratayawa ba, ashe duk abin da ta tsira da shi sunansa tarkace. Ta fizge almakashin yankan igiya daga hannunsa.

"Tsaya mana! In za a sauke, daga hagu ake farawa, sai a…"

Ta soka almakashin a kwali na tara.

Tsummokaran goge-goge, madubin da ya tsage, hotunan bikinsu. Na sha huɗu: gyale, kwalaben turare da suka ƙare, rediyon da ya mutu tun gida na uku. Saje yana saukewa yana haki, yana bin bayanta yana tattara abin da ta watsar, yana cewa a hankali, a hankali, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ba ta ko kalle shi ba.

Nas, maƙwabciyarsu ta hawa na ɗaya, ta leƙo da safar hannu.

"Baƙuwa, tana tambaya. Na ce mata kina zuwa."

Ta tsallaka da gudu. Ɗakin Iya na warin man zafi da tsohon yadi. Keken ɗinkin na lulluɓe a lungu, tsohuwar kuma ta ƙanƙance a kan gado tun da asibiti suka sallamo ta makon jiya, suka ce a kai ta gida ta huta. Idonta a rufe, amma bakin na nan.

"Kin kira?"

"Yanzun nan, Iya. Ina neman takardar."

"Kin yar."

"Ban yar ba."

"Na ce a ba matar soja ajiya, sun iya adana kaya. Ashe…" Numfashi ya katse ta. Ta ɗan jima kafin ta ƙarasa. "Ashe ke ma shiririta."

Ko a bakin mutuwa sai ta yi mata faɗa. Baƙuwa ta ji haushi, ta ji kuma tsoro ya kama ta, don hannun da ta riƙe ya yi sanyi har wuyan hannu. Ta koma gida tana share ido da gefen zani.

Kwali na sha biyar, na ashirin da biyu, na ashirin da uku. Falon ya koma kamar kasuwa ta watse. A na ashirin da bakwai ta ga gwangwanin, ta fizge murfin. Cokulan shayi ne a ciki, an naɗe su da jarida.

"Saje."

Ya sosa ƙeya. "Ƙara yake yi. Kin san ba na barin abin da ke ƙara a kwali. Maɓallan na juye su a safa, na cusa cikin takalmi."

"Takardar fa? Akwai takarda a ciki!"

"Au, wannan. Ai takarda wurin takardu take zuwa. Soja ba ya yar da takarda mai lamba."

Ya nufi ƙofa, ya sauko da jakar hannunsa da ke rataye a ƙusa tun asuba, wadda ta wuce ta gabanta ya fi sau goma. Ya buɗe fayil. Ga ta nan tsakanin takardar haihuwar yara da takardar canjin wurin aiki, an goge ta sumul, an huda ta da abin huda takarda, an zura ta a ƙarfen fayil. Baƙuwa ta zare ta, ta duba, ta rufe ido. Hujin ya faɗa daidai kan lamba ta biyu daga ƙarshe, ya cinye ta.

"Allah ya ba ni haƙurin zama da kai," ta ce a hankali. Ba ta da sauran ƙarfin ihu.

Saje bai kare kansa ba. Ya karɓi takardar, ya ɗaga ta sama yana kallon hujin, sannan ya ce, "Goma ne kawai. Daga sifili zuwa tara. Ki fara daga ƙasa, ni in fara daga sama."

Suka tsaya a tsakiyar kayan, kowa da wayarsa. Sifili a kashe. Tara wani mai gyaran mota ne, ya ce shi uwarsa ta rasu tun yana goye. Ɗaya ba ta shiga. Takwas wata mata ce da ta ɗauka 'yan damfara ne, ta wanke Saje da zagi tas, shi kuwa yana ta "yi haƙuri, ranki ya daɗe." Ana cikin haka hon ɗin babbar mota ya karaɗe layin, sau biyu. Saje ya leƙa taga, ya ɗaga wa direban hannu.

"Kashe motar!" ya ce. "Ka jira!"

A kiran Baƙuwa na uku wata murya ta ɗauka, ana jin ƙarar injin da hayaniyar ma'aikata a bayanta.

"Don Allah, ke ce 'yar Iya tela?"

Sai ƙarar injin ta yi nisa, kamar an fita waje an ja ƙofa.

"Wace ce? Me ya same ta?"

Baƙuwa ba ta tsaya bayani ba. Ta tsallake kwalaye, ta tsallake baranda, ta durƙusa a bakin gadon, ta ɗora wayar a kunnen tsohuwar.

"Iya, ga ta. Na same ta."

Idon Iya ya ɗan buɗe. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Daga cikin wayar muryar ta taso, siririya, tana rawa. "Mama? Mama, ni ce. Kina ji na?" Tsohuwar ta karkato da kai, ta danne wayar da kumatunta har yatsun Baƙuwa suka matse a jikin matashi.

'Yar ta yi ta magana. Ta ce ta yi kuskure, ta ce da ta zo tuntuni. Ta ce tana da yara biyu, babbar har ta iya zura zare. Ta ce yanzu za ta nemi mota, in Allah ya so gobe da safe tana nan, a jira ta.

Nas, da ke riƙe da ɗaya hannun, ta ɗan jima tana kallon ƙirjin tsohuwar. Sannan ta kwantar da hannun a kan bargo, ta dubi Baƙuwa, ta girgiza kai. Saje na tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa.

"Mama, kin tuna rigar makarantar da kika ɗinka min, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo? Kika ce hannuna ne bai daidaita ba?" Muryar ta yi dariya cikin kuka, ta ci gaba.

Hannun Baƙuwa ya sage har kafaɗa. Ta gyara durƙusonta, ta tallafi gwiwar hannun da ɗayan, ta bar wayar a inda take.