Man Zaitun na Likitan Inshora

"Ba ni jarkar nan," in ji mijina Belmiro, muna gindin benen ofishin likitan inshora.

"Kai mutumin nan, da wane bayan za ka ɗauka?"

"Ba ni na ce. So kike in shiga hannu rabbana, mace na biye da ni da kaya kamar jaki?"

Na miƙa masa. Tun daga garinmu Borba nake rungume da ita a cikin bas, man zaitun na gonar babana, tatsar farko. Mu a wajenmu ba a zuwa gaban likita haka kawai, ko ƙwai ne sai ka riƙa. Tun ranar da dutsen marmara ya suɓuce daga sarƙa ya maka shi da ƙasa a mahaƙar da yake aiki, ya ji masa ciwo a baya, kuɗin jinyar inshora muke ci. Yau likitansu zai yanke, ko a ci gaba da biya, ko a mayar da shi aiki a ramin mahaƙa.

Na'urar hawa bene ta lalace, ofishin kuma can sama yake. Ina biye ina jin nishinsa, gumi na jiƙa wuyan farar rigar da na goge masa. Bai tsaya ya huta ba. Namiji ne ai, ya gwammace ya mutu a tsaye.

* * *

Likitan bai fi sa'an ɗanmu ba, sai ƙamshin turare yake.

"A'a, Baba Belmiro, har da ɗawainiya? Kai ka hau da ita da kanka?"

"Da kaina, ranka ya daɗe," in ji gogan, har da ɗaga kafaɗa.

Likita ya ɗora jarkar a kan sikelin awon marasa lafiya, ya leƙa, ya rubuta. Ko riga bai ce ya cire ba.

"Litinin ka koma aiki."

"Likita," na ce, "mutumin nan filo yake cizo don kada maƙwabta su ji ihunsa. Ka duba hoton bayansa na asibiti mana."

"Na gani, Mama. Tsufa ne, mu kuma ba ma biyan tsufa. Wanda ya hau benen nan da wannan kaya, ai ni ma ya fi ni lafiya."

Ya kira sakatariya, ya ba ta mabuɗin mota, ya ce ta sa man a but, ta kula kada ya zube. Belmiro har godiya ya yi masa. Ban taɓa tsanar mutum kamar yaron nan ba.

* * *

Ranar Litinin da sassafe motar ma'aikatan mahaƙa ta tsaya a ƙofa tana oda. Belmiro na zaune a bakin gado, takalman aiki a gabansa. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya tsaya a gwiwa. Ya sake gwadawa, leɓensa ya yi fari.

Na durƙusa na kama ƙafarsa zan sa masa takalmin.

"Deolinda," ya ce ƙasa-ƙasa, "saki labulen tukuna. Suna iya hangowa."