Yotamu da Gonar Surukarsa

A shekarar da Turawan Nyasaland suka matsa mana da dokar huɗa, wai kowa ya yi wa gonarsa huɗa a gicciye ko ya sha ɗauri, Yotamu Kalumbu ne shugaban jam'iyyar 'yan ƙasa a yankinmu na Dedza. Ya hau turmi a kasuwa ya ce kada wanda ya ɗaga fartanya don Bature. Maza suka yi ta ihu, har da waɗanda dama ba sa noman.

To amma Yotamu a ƙauyenmu yake zaman aure, kamar kowane miji a al'adarmu. Ɗakin na matarsa Esinati ne, 'ya'yan namu ne, gonar kuwa ta yayata Nachisale ce, surukarsa. Su biyun ba sa haɗa ido, balle magana, saboda kunyar surukuta. Ni ce bakinsu, kuma ban taɓa raina aikin ba.

Ranar da malamin gona ya rubuta sunanta cikin waɗanda ba su yi huɗa ba, Nachisale ta kira ni.

"Je ki gaya wa mai hawa turmin nan, gobe ya yi mini huɗa. Da tsufana ba zan share wa Bature gidan yari ba."

Na same shi bayan rumbu, idanu sun faɗa, murya ta dishe.

"Ranka ya daɗe, mai korar Turawa, surukarka na gaisuwa. Ta ce fartanya."

"Inna, ki rufa mini asiri. Mutum arba'in suna tsare saboda maganata. In aka gan ni a duƙe, da wane baki zan sake tsayawa?"

"Da wanda kake cin tuwonta da shi mana."

Bai ko murmusa ba. Kwana uku ina kai da kawowa, na ƙara gishiri nan, na rage can, har ni ma abin ya daina yi mini daɗi. A na huɗu ta ce in bai yi ba, ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauyen uwarsa. Yara kuwa ko ɗaya ba ya bin sa, ya sani.

Wannan saƙon kam ban ƙara masa komai ba.

Ya daɗe zaune yana kallon 'yarsa Tereza tana tankaɗe. Esinati na daka, ba ta ɗago ba. Hukuncin uwarta ne, ba ta isa ta ja ba. Can Yotamu ya dube ni.

"Inna, ki ce mata na gode da riƙo."

Ya naɗe tabarmar. Ya fita ta bayan gari don kada ya gifta ƙofar surukarsa, har a ranar.

Huɗar, ni da Nachisale muka yi ta, tsofaffi biyu, muna yi muna zagin juna. Wata biyu bayan haka aka kama Yotamu. Da aka sako shi ya aiko a tambaye ni ko Tereza ta yi tsawo. Na ce a gaya masa ta kusa kamo uwarta.