Nauyin Bawa

Ranar da bayan Hansai ya riƙe, tana cikin ɗaga mijinta Bawa ne daga katifa zuwa keken guragu. Ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatarsa kamar yadda ɗansu Haidar ya saba yi, ta ja numfashi ta yunƙura, sai ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunta. Su biyun suka zube a kan tabarma. Ita ta kasa tashi, shi kuma ba shi da halin tayar da ita. Haka suka kwanta suna kallon juna har maƙwabciyarsu Akudo ta jiyo kira ta shigo da gudu, hannunta duk kumfar wanki.

Bawa da Nwachukwu, mijin Akudo, shagunansu na atamfa a jere suke a kasuwar Jimeta. A shekarar da garin ya cika da 'yan gudun hijira daga Mubi da Michika, bam ya tashi a kasuwar suna tsaye tare suna rufe shago. Nwachukwu bai kai asibiti da rai ba. Bawa ya kai, ya kuma fito, amma da ɓurɓushin ƙarfe a ƙashin bayansa. Ƙafafunsa biyu suka mutu, hannun hagu ya shanye. Dama can ƙaton mutum ne, zaman wuri ɗaya ya ƙara masa jiki. Haidar ne ya girma yana ɗaga shi safe da yamma, har ya samu aiki a Fatakwal. Yaron ya so ya ƙi tafiya. Bawa da bakinsa ya ce, "Tafi. Ba don ka zama majingina na haife ka ba."

Likitan da ya duba Hansai bai yi mata kwana-kwana ba. "Hajiya, jikinki ya yi nauyi, jininki ya hau, bayanki kuma ba ƙarfi. Ko dai ki ɗauki wanda zai riƙa ɗaga shi, ko ki gyara jikinki. In ba haka ba, katifa biyu za a shimfiɗa a gidanku."

Ɗaukar ɗan aiki ba ya cikin lissafi. Abin da Haidar ke turowa magani yake cinyewa, tukunya kuma da cinikin zoɓo da kunun aya take tafasa, wanda Hansai ke ɗaurawa a leda tana kai wa masu shaguna a Jambutu.

Akudo ce ta kawo maganar wurin motsa jiki. 'Yarta Chinwendu tana aiki a wani jim a Damilu, kuma an ware wa mata lokacin hantsi.

"Maman Haidar, ka je mana," in ji Akudo, da irin Hausarta ta kasuwa. "Ba namiji ko ɗaya. Ni zan zauna da Alhaji, ɗinkina zan kawo nan."

Da Hansai ta ji kuɗin wata sai da ta yi dariya. Ya kai cinikinta na mako biyu, ga kuɗin Keke Napep da ya ninka tun da mai ya yi tsada. Chinwendu ta ce za ta biya mata daga albashinta. Hansai ta ƙi, ta ce ba za ta ci gumin marainiya ba. A ƙarshe yarinyar ta je ta yi magana da mai wurin, aka daidaita: Hansai za ta riƙa kawo kula ɗaya ta zoɓo marar sukari ana sayar wa masu motsa jiki, a rage mata rabin kuɗin. Sauran rabin kuwa ta fitar da shi daga kuɗin mota. Da ƙafa take zuwa, kular a ka.

Ranar farko ta sa tsohon wandon ƙwallon Haidar a ƙarƙashin hijabi. Bangon ɗakin duk madubi ne. Rabon da ta ga kanta tun daga sama har ƙasa ta manta, domin madubin gidansu fuska kawai yake ɗauka. Ta tsaya tana kallon matar da ke ciki, mai kumburarrun ƙafafu da kafaɗu a ranƙwafe, ta ji kamar ta juya gida.

"Mama, kar ki kalli can, ni za ki kalla," in ji Chinwendu. Ta ajiye mata wani ɗan ƙarfe a ƙasa. "Durƙusa, bayanki a miƙe. Da cinya ake ɗaukar kaya, ba da baya ba."

Makonnin farko azaba ce. Takan dawo gida tana ɗingishi, ita da Akudo su kama zane gefe da gefe su juya Bawa. Shi kuwa yakan tsokane ta. "Yau ƙarfe nawa 'yar damben gidan nan ta ɗaga?" Ta ce masa ya bari ta gama horo, shi ne na farkon da za ta kayar. Rabon gidan da irin wannan dariya tun tafiyar Haidar.

Sannu a hankali zanenta ya fara yi mata yawa. Kumburin ƙafa ya sace. Tana hawa 'yar gangarar hanyar Damilu ba tare da ta tsaya haki ba.

Ana cikin haka Adda Zinariya, yayar Bawa, ta zo dubiya daga Ngurore. Ta iske Akudo a tsakar gida da keken ɗinki, matar gida ba ta nan. Da Hansai ta shigo, jiƙe da gumi, fuskarta na sheƙi, Adda ta dube ta sama da ƙasa kafin ta amsa gaisuwa.

"Lallai kin yi kyau," ta ce. Ba ta sassauta murya ba, ga tagar ɗakin Bawa a buɗe. "A garinmu dai, in mace ta bar miji a kwance ta tafi gyaran jiki, mutane sukan tambaya don wa ake gyarawa."

Hansai ta ajiye kular. Ta juyo ta ce, "Adda, don ƙaninki ne. In kina da wanda zai zo ya riƙa ɗaga shi, gobe ma na daina."

Adda Zinariya ba ta da wanda za ta turo. Ta ci abinci, ta yi la'asar, ta koma Ngurore. Bawa bai ɗaga maganar ba, Hansai ma haka.

Bayan wannan ne ya fara azumin Litinin da Alhamis. Ya ce mutumin da ba ya iya zuwa masallaci ya kamata ya nemi lada ta wata hanya. Sauran ranakun kuma ya ce a riƙa ajiye masa abincinsa a gefen katifa kafin ta fita, a ja masa ƙofa, ya gaji da ci ana kallonsa kamar jariri. Tana dawowa ta tarar da kwano a share. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Wata safiya ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta rungumo shi, ta miƙe. Sai ga shi a kan keke, ita kaɗai, ba zane, ba Akudo. Bayanta ko motsi. Ta yi guɗa a ɗakin kamar yarinya. "Malam, ka gani? Kuɗina bai tafi a banza ba!" Ya yi murmushi ya ce ya gani.

Cikin zafin watan Afrilu, ranar wata Laraba, aka ɗauke wuta a jim ɗin, janareta kuma ba mai. Ɗakin ya zama tanda, aka sallami mata. Hansai ta dawo gida da wuri, ta biyo ta lungun bayan gida don ya fi inuwa. A ƙarƙashin tagar ɗakinsu ta ga kajin unguwa sun taru suna kokawa. Tana tsaye sai ga dunƙulen tuwo ya faɗo daga tagar. Can sai ga wani. Kajin ba su ko firgita ba, da gani sun saba.

Ta shiga ɗakin ba sallama. Bawa na jingine da bango, hannun damansa cikin kwano. Ta yaye bargon da yake rufa da shi duk da zafin, ta ɗaga rigarsa. Kullum tana yi masa wanka, amma sai yau ta lura. Haƙarƙarinsa a jere, ana iya ƙirgawa.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Maganar Adda ce? Ka yarda da ita?"

"Ta dame ni kwana biyu, ba zan yi miki ƙarya ba," ya ce. "Amma na san wadda na aura." Ya share hannunsa a gefen kwano. "Hansai, ni na ji ƙarar bayanki ranar nan. A ƙirjina na ji ta. Kina tafiya Damilu a ƙasa cikin wannan rana da kaya a ka, kin daina sayen nama, duk don ki ɗauki buhun da ba ya amfanar kowa. Ni me zan iya yi miki daga nan? Abin da ya rage a hannuna ke nan. Na ce in na rage, kin huta."

Ta zauna a ƙasa. Kukan da ba ta yi ba ranar bam, don tana ta gudu tsakanin asibiti da gida, shi ya zo mata. "Na yi guɗa a gabanka," take ta faɗi. "Ka bar ni na yi guɗa."

"Ai ƙarfin naki ne. Nawa taimako ne kawai."

"Ban roƙe ka ba! Wa ya ce maka ka yi mini nauyi?"

Daga ranar ta koma ba shi abinci da hannunta. Ta daina zuwa Damilu, kuɗin ya koma ƙwai da hanta da madara. Bawa ya yi ƙoƙari, don ya ga yadda abin ya karya ta, amma cikinsa ya riga ya ƙanƙance, loma uku sai amai. Ga wani tsohon gyambon kwanciya a ƙugunsa, wanda shekara da shekaru suke fama da shi yana warkewa yana dawowa. Wannan karon ya ƙi rufewa, domin ba naman da zai rufe shi. Farkon damina zazzaɓi ya shiga.

Da mai Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida ya ce bari ya kama mata, ta ce ya riƙe labule kawai. Ita ta fito da shi a hannu, ita ta shigar da shi asibiti. Likita ya ce ciwon ya shiga jini. Haidar ya kamo hanya daga Fatakwal, yana Jalingo aka kira shi aka ce ya yi haƙuri.

Hansai ba ta gaya wa Haidar zancen tagar ba. Ta san zai ce tafiyarsa ce ta jawo. Adda Zinariya ta zo zaman makoki, ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta kama hannun Hansai ta ce ta yafe mata in ta taɓa faɗin wani abu. Hansai ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Akudo kaɗai ta gaya wa, wata yamma cikin takaba, suna zaune suna tsince wake. Akudo ta ajiye waken da ke hannunta.

"Ni ina tsakar gidan nan kullum, ban sani ba," ta ce. "Ina jin kaji suna ihu, na ce ko maciji ne." Ta goge ido da bakin zanenta. "Nawa ko sai an jima bai ce mini ba. Naka ya zauna yana tunaninka har ya yi wauta. Ban san wanne ya fi zafi ba, Maman Haidar."

"Ni ma ban sani ba," in ji Hansai.

Aka fara yayyafi. Suka kwashe waken suka shiga ciki.