Duk Tsofaffin Rana Ɗaya Aka Haife Su

A asibitin ido ana cewa Injiniya ba ya yin aiki sau biyu. Ma'aikatan jinya na cewa tun da ya kawo manhajar da ke jera marasa lafiya aka daina faɗa a bakin taga. Mai shara kuwa cewa take ko gaisuwa a gutsure yake amsawa, kamar kalmomi za su ƙare masa.

Ƙa'idar asibitin ita ce wanda ya haura shekara saba'in shi ake fara kai wa likita. Amma wata huɗu wani tsohon tela yana zuwa, 'yarsa riƙe da hannunsa, ana ce masa sunansa bai fito ba. Ba ya gardama. Yakan tsokani mai rajista, wai ko sai ya ɗinka mata riga kafin ta tuna da shi, alhali ko ramin allura ya daina gani.

Mai rajistar ce ta buɗe bayanansa. Katinsa ya nuna 1948, kwamfuta ta nuna ɗaya ga Janairu, 1970. Ta duba wata tsohuwa, haka. Ta duba tsofaffi talatin, duk rana ɗaya aka haife su.

Da ta kira Injiniya, sai ya ce hannunta ne ya zame. Ta ajiye masa katunan, ta koma kujerarta.

Ya jima yana kallon allon kafin ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Kwamfuta daƙiƙoƙi take ƙirgawa daga farkon 1970. Wanda aka haifa kafin nan, lissafinsa ƙasa da sifiri yake faɗawa. Shi kuma ya ɗauka duk lambar da ta gaza sifiri kuskuren bugu ce, sai ya rubuta layi guda mai mayar da ita sifiri. Da ranar haihuwarsa ya gwada manhajar, da ta matarsa, da ta 'ya'yansa, duk kuwa bayan 1970 aka haife su.

Minti goma gyaran ya ɗauka. Aka shigar da tela a ranar. Likita ta ce hawan jinin ido ne. Za a ceci na dama, na hagu kam ya riga ya tafi.

Injiniya ya same su a benci, 'yar na ɗiga wa uban magani. Ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Wane ne?" in ji tsohon.

"Wanda ya mayar da kai ɗan hamsin da biyar ne, Baba," in ji 'yar, ba ta ko ɗago ba.

"To ai da ya haɗa har da idon."

Babu wanda ya yi dariya. Injiniya ya durƙusa ta gefen dama, inda za a iya ganinsa.

"Baba, ba na'ura ba ce. Ni ne. Ka yafe mini."