Tamba Bai Yafe Ba

Muna gyara wa Malam Tamba kwanciya, ni da ɗansa Albashir, sai muka ji sallamar Alhaji Dankure a zaure. Albashir ya saki matashin kai ya fita ta ƙofar baya.

Tun da shanyewar jiki ta kama Tamba, maƙwabcina a Badariya, kowa ya zo dubiya ban da Dankure, amininsa tun suna yara a Argungu, kuma shugaban ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwarmu.

Tamba da kansa ya kai masa Albashir ya shiga ƙungiyar. Bara, bayan sun dawo daga gasa, yaron ya daina cin abinci, ya daina fita fili. Da ƙyar ya gaya wa ubansa abin da kocin ƙungiyar ke yi musu a ɗakinsa, shi da wasu. Tamba bai je wurin 'yan sanda ba, wurin amininsa ya je. Dankure ya riƙe hannunsa, ya rantse zai ɗauki mataki, ya roƙe shi ya yi shiru saboda mutuncin yaron har kwamiti ya zauna.

Kwamiti ya zauna. Aka mayar da koci reshen Argungu, aka kori Albashir wai ba shi da ɗa'a. Aka bi sauran iyaye gida gida, kowa ya ja bakinsa. Lokacin da Tamba ya kai ƙara wurin 'yan sanda daga baya, labari ya riga shi isa: yaro ne aka cire daga wasa, shi ya sa ya ƙulla sharri. Ba a jima ba Tamba ya faɗi a kasuwa.

Dankure ya ajiye ledar lemo, ya zauna, ya yi ta addu'ar samun sauƙi. Can ya ce, "Tamba, mu yafi juna."

Bakin Tamba ya karkace, maganarsa a hankali take fita. "Kocin yana ina?"

"An ɗauke shi, ai ka sani. Magana ta wuce."

"Can ɗin da kunka kai shi, babu ɗiyan mutane?"

Dankure ya dubi ƙasa. Ya ce ƙungiya ta kowa ce, in sunanta ya ɓaci yara da yawa za su rasa. Tamba ya rufe ido, bai sake buɗewa ba sai da ya ji tashin motarsa.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika. A wurin sallar jana'iza Dankure ne a sahun gaba, yana share hawaye da bakin riga. Washegari ya turo yaran ƙungiya ta'aziyya cikin rigunan wasa, suka jeru a tabarma a ƙofar gida.

Na ɗauka Albashir ba zai fito ba. Ya fito da ruwa a kwano, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana duban fuskar kowa. Ƙaramin cikinsu, wanda rigar ta kai masa gwiwa, ya karɓa da hannu biyu, ya sha, bai ɗago kai ba.